Muryar Malam a Ɗakin Inna

Mahaifinmu, Allah Ya haskaka makwancinsa, bai bar mana abin duniya mai yawa ba. Ya bar gonar gero a bayan gida, ya bar takardunsa na ajami cikin gafaka, ya kuma bar kaset guda mai ɗauke da muryarsa. Gonar muka raba. Takardun suka dawo hannuna, tunda ni na gaji zauren karatu, har da kiran Malam da ake yi masa. Kaset ɗin kuwa ba wanda ya ɗaga maganarsa ranar rabon gado, domin kowa ya san na Inna ne.

Wani maƙwabcinmu ne ya dawo daga aikin hajji da rakoda, a zamanin da rakoda take abin kallo a ƙauyukanmu na gefen hanyar Bici. Ya zo zaure ya roƙi Malam ya rera masa waƙar wa'azin da ya tsara da kansa, wadda take magana a kan gajartar kwanan duniya. Da farko Malam ya ƙi. Ya ce bai ga dalilin da mutum zai zuba muryarsa a akwati ba, alhali ga takarda ga tawada. Daga baya kunyar maƙwabtaka ta kama shi, ya yarda. Ban kasance a gida ba ranar, na tafi kasuwa. Da na dawo an gama, an ba Inna kaset ɗin ta adana.

Duk wanda ya saurari kaset ɗin nan ya san sautinsa. Kafin murya ta fito akwai wani shuuu, kamar ruwan sama yana sauka a kan rufin kwano can nesa, kuma shuuu ɗin ba ya ɗaukewa har ƙarshe. Muryar Malam tana fitowa daga bayansa, siririya, kamar mai magana daga cikin rijiya. Bayan rasuwarsa Inna ta naɗe kaset ɗin a farin ƙyalle, ta ɗora shi saman jeren kwanukanta, inda ba abin da zai hau kansa, saboda akwai sunan Allah a ciki. Ranar Juma'a da hantsi takan yi alwala, ta sauko da shi, ta sa a rakoda. In gefe ɗaya ya ƙare, maɓallin ya yi tsalle da kansa, sai ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, sannan ta juya. In ɗaya gefen ya ƙare ta sake yin addu'a, ta naɗe, ta mayar. Haka muka saba gani shekara da shekaru, har jikoki suka taso suka tarar.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni ne babba, sai ƙanena wanda duk gidan ake kira Auta, ko da yake furfura ta fara fito masa. Shi ya yi karatun boko, ya zama injiniyan dogayen ƙarafan nan na sabis ɗin waya, ya yi gida a wajen Ungogo inda gonaki suke komawa unguwa. Mutum ne mai zumunci da sakin hannu. Kowa da abin da Allah Ya jarabce shi da so, wani tattabaru, wani raguna. Shi Auta kunne ne jarabarsa. Ya ware ɗaki guda a gidansa ya lulluɓe bangon da soso, ya kafa lasifika biyu masu tsawon mutum, ya ajiye kujera ɗaya tak a tsakiya. A da bangon ɗakin cike yake da faifan garmaho da na sidi, jere kamar littattafan babban malami. Wata shekara na je na tarar ya kwashe su duka ya rabar. A madadinsu akwai wani akwatin ƙarfe shimfiɗaɗɗe, mai nauyi, ba ƙofa, ba baki, sai ɗan haske shuɗi a goshinsa. Ya ce sunansa sitirima.

Na zagaya akwatin na duba. Na ce, "Auta, ta ina ake sa faifan?"

Ya yi dariya. "Ba a sa komai, Yaya. Daga intanet yake jawowa, ko daga ma'ajiyar da ke ƙarƙashin teburin can. Duk abin da ke bangon nan a da, yanzu yana cikin wayata, har da ninkinsa."

"To in ka mutu, me 'ya'yanka za su raba?"

"Lambar sirri," ya ce. "Kai dai Yaya, abin da ba ka naɗe a ƙyalle ba, ba ka yarda akwai shi ba."

Ya ba ni labarin abokansa masu wannan jaraba, yadda suke taruwa suna musu har rai ya ɓaci. Masu faifan garmaho suna cewa nasu sautin ya fi ɗumi, ya fi kama da mutum. Shi kuwa yana cewa ƙura da karce suke ji suna kira ɗumi. "Su ƙaiƙayin suke so, ni tsabar nake so." Na ce masa gero a zangarniyarsa yake daɗewa a rumbu, wanda aka sussuke shi ƙwari suke fara ci. Ya ce, "To ina gefen takardun Malam da gara ta cinye a gafakarka? Da na ɗauki hotonsu tun da wuri, da yau suna nan cif." Gaskiya ya faɗa.

Sannan ya zaunar da ni a kujerar, ya ce in rufe ido. Ya kunna karatun wani makaranci. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Na ji leɓɓan mutumin sun rabu kafin ya fara, na ji ya ja numfashi, na ji faɗin ɗakin da yake zaune. Muryar ba daga lasifikan take fitowa ba, tana tsaye ne a tsakaninsu, daidai tsayin bakin mutum zaune. Sai da na buɗe ido don in tabbatar ba kowa. Tsigar jikina ta tashi, na yi salati. Auta ya ji daɗi ƙwarai, ya ɗauka yabo ne. Ni ma a lokacin na ɗauka yabo ne.

Kaset ɗin Inna kuwa ya tsufa. Murya ta fara jan ƙafa, wani wurin ta yi ƙasa kamar mai jin barci. Sau da dama rakoda tana tauna zaren, sai an sa biro an naɗe shi a hankali. Auta ya roƙi Inna ta ba shi ya kai wa wani gwani a birni, a kwashe muryar kafin ta lalace, a wanke ta a cire shuuu ɗin. Inna ba ta so ba. Amma ba ta iya hana Auta komai. Ta miƙa masa da ƙyallensa, ta ce kada ya ajiye shi a ƙasa, kada kuma ya sa shi a aljihun wando.

Ya dawo bayan an yi shuka, gero ya fara rufe kaza. Ya riga ya sa mana sola a gidan tun bara. Wannan karon ya ɗaura wani ƙarfe mai jawo sabis a kan zaure, ya kawo wata lasifika mai girman tulun yara, mai tsadar da ya ƙi faɗa. Inna ta ce a ɗora ta sama, inda kaset yake zama. Ya yi mata bayani cewa ta huta da saukewa da juyawa, muryar Malam tana can a ma'ajiyarsa ta Ungogo, shi zai riƙa turo mata ita daga wayarsa ko yana ina. Kaset ɗin, ya ce, a bar shi wajensa ya huta.

Muka zauna a ɗakinta, ni da shi da mai ɗakina da Inna. Ya taɓa waya. Muna jiran shuuu, bai zo ba. Shiru ne ya zo, irin shirun da ake ji in akwai mutum a ɗaki bai yi magana ba tukuna. Sai aka yi gyaran murya. Wallahi gyaran muryar Malam ce, wadda yake yi a bakin ƙofa kafin ya shigo, mai sauka sau biyu. Inna ta ja mayafi ta rufe kanta. Mai ɗakina ta fara dariya, dariyar ta maƙale.

Ya rera waƙar kamar yana tabarma ɗaya da mu. Can tsakiya akwai wani wuri da muka sani, inda yake tsayawa na ɗan lokaci. A kaset ba a jin komai a wurin sai shuuu, mun ɗauka numfashi yake mayarwa ko yana juya takarda. Yanzu da aka wanke, sai muka ji ya kawar da kai daga rakoda, ya yi magana ƙasa-ƙasa wajen cikin gida.

"Ke, a ba ni ruwa."

Aka ji takun silifa. Aka ji awarwaro suna kaɗawa. Muryar wata yarinya ta yi sallama a hankali, ta ce, "Ga shi, Malam." Muka ji ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa, ya yi hamdala, ya ci gaba.

Auta ya tashi tsaye don murna. "Inna, ke ce! Kin ji ki? Kin ji muryarki da ƙuruciya? Wallahi ba a yi asarar kuɗin nan ba."

Inna ta sunkuyar da kai tana kallon hannunta. Da ya matsa mata, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka." Ya koma birni da farin ciki.

Wanda bai zauna a ƙauyukanmu da damina ba, ba zai gane yadda tsakar rana take ba. Gidajenmu a warwatse suke cikin gonaki, gona tana jingine da gona, sai layin gamba ya raba. In gero ya kai tsawon mutum, gidan da ke kusa da kai ma ba ka ganinsa. Hanya ta zama siririn lungu tsakanin ganye. Maza suna noma, mata da yawa sun kai abinci, garin ya yi tsit, sai kukan kurciya da zafi mai ɗauke da tururin ƙasa. A daidai wannan lokacin ne Auta yake samun hutu a wajen aiki. In ya zauna cin abinci sai ya tuna da Inna, sai ya taɓa waya.

Ranar farko da abin ya same ni, ina dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa, ina cikin lungun gero, ban ko hango katanga ba. Sai na ji mahaifina yana rera waƙa a cikin gidanmu. Na san da lasifikar, ni na riƙe wa Auta tsani. Duk da haka ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na gyara hulata, na kakkaɓe rigata, kamar yadda nake yi in zan wuce ta gabansa. Sai da na yi haka na gama, sannan hankalina ya zo ya ce da ni injin ne.

Ba ni kaɗai ba. Wata mai tallan fura da ta san Malam da ransa ta shigo zaure ta ji, ta fita da baya ba ta ko tsaya ciniki ba, ba ta sake biyowa ta gidanmu ba a daminar. Masu wucewa ta bayan katanga suka riƙa sauya hanya. Wani dattijo ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, an ce tsohon ya dawo yana karatu da rana tsaka. In akwai sadakar da ya bari ba a fitar ba, ku fitar." Na yi masa bayanin intanet. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai saya ba.

Abu biyu suka fi damuna da injin nan. Na farko, ba ya sallama. Kaset sai ka yi niyya, ka yi alwala, ka kai hannu. Wannan kuwa kana zaune kawai za ka ji an yi gyaran murya a bayanka. Na biyu, ba ya ƙarewa. Mu masu kwafar littafi, in mun kai ƙarshe mukan rubuta cewa ya cika da godiyar Allah, mu roƙi mai karatu ya yi wa marubuci addu'a, sai a rufe. Wannan in ya kai baitin ƙarshe sai a yi ɗan shiru, kafin ka ɗaga hannu an sake gyaran murya, ya koma farko. Haka zai yi ta zagayawa har Auta ya tuna ya tsayar, wani lokaci aiki ya ɗauke masa hankali sai bayan la'asar. In hadari ya taso sabis ya yi rauni, Malam yakan tsaya a tsakiyar kalma, ya yi shiru kamar ya ji motsi yana saurare, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Mai ɗakina ce ta fara lura da akushi. Ta ce, "Malam, abincin Inna yana dawowa yadda na kai shi." Na ɗauka zazzaɓin damina ne, na sayo magani. Maganin kuwa sai an ci abinci ake sha. Da na sa ido sai na gane. Inna irin matan da ne. Duk zaman da suka yi da Malam ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa miƙe ƙafa yana ɗaki ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa tashi ta fita yana cikin magana ba. Yanzu da zarar an yi gyaran muryar nan sai ta rufe kwano, ta rufe kai, ta koma gefen tabarma ta takure har sai ya yi shiru. Kafin nan tuwo ya sandare, yunwar ta wuce. Daga baya ma ko ranar da bai zo ba, sai ta zauna da kwano a rufe tana jira, wai kada ya shigo ya tarar tana ci. Ta rame. Wuyanta ya yi tsawo. In ta tashi sai ta dafa bango.

Na durƙusa a bakin ƙofarta na ce, "Inna, bari in zare wayar lasifikar nan."

Ni ɗan fari ne, ba ta kallon fuskata in muna magana, ba ta kuma kiran sunana. Ta dubi gefe ta ce, "Kai wannan, mahaifinka za ka katse yana ambaton Allah? A ina ka karanta haka?"

"To in gaya wa Auta ya daina turowa."

"Yaron ya kashe kuɗinsa don ya faranta mini. Kada in ji ka ɓata masa rai."

Na kira shi duk da haka. Ya saurare ni, ya yi dariya. "Yaya, kai dai ka ce kaset ɗinka kake kewa. Jiya na yi waya da ita, ta ce alhamdulillahi, tana jin daɗi." Ya ɗauka tsohon musunmu na ɗauko. Ban yi fushi ba, domin da ni ne a Ungogo, da abin da zan ɗauka ke nan. Na ce masa ba musu nake ba. Ya zo ran Asabar da rana, kada ya gaya mata, ya bar mota a bakin titi ya shigo da ƙafa, ya kunna daga zaure ya gani da idonsa.

Ya zo. An yi ruwa da safe, rana ta fito da ƙarfi, ƙasa tana tururi. Muka tsaya a bayan zanar da ta kare tsakar gida, muna leƙe ta tsakanin kara. Inna tana zaune a inuwar bakin ɗakinta. A ranar ta daɗe tana jira ba a zo ba, har ta saki jiki. Ta buɗe akushi, ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta gutsuro loma ta dangwala a miyar kuka. Auta ya dube ni yana murmushi, ya taɓa waya.

Aka yi gyaran murya a cikin ɗaki.

Lomar tana dab da bakinta. Ta mayar da ita cikin kwano a hankali, ta rufe, ta tura shi bayan ƙofa kamar abin kunya. Ta goge hannu, ta ja mayafi, ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyar da kai. Murmushin Auta ya tafi. Ya kai yatsa zai tsayar, na riƙe hannunsa. Na ce ya jira, domin mai ɗakina ta gaya mini akwai saura, ni ma ban taɓa gani ba.

Muka tsaya cikin zafin nan muna jin mahaifinmu yana gargaɗi a kan ranar da za a bar mutum shi kaɗai. Ya kai wurin tsayawarsa.

"Ke, a ba ni ruwa."

Inna ta dafa ƙasa, ta dafa bango, ta miƙe. Ta taka zuwa randa, ta ɗebo ruwa a moɗa, tana riƙe da hannu biyu don kada ya zube. Ba ta kai rabin hanya ba aka ji silifa da awarwaro a cikin ɗakin, yarinyar ta ce, "Ga shi, Malam." Aka sha, aka yi hamdala. Inna ba ta fasa ba. Ta ƙarasa bakin ƙofa, ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta miƙa moɗar cikin ɗakin da ba kowa.

Auta ya fizge hannunsa ya tsayar da abin. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Ba abin da ya motsa a gidan, har kajin da ke ƙarƙashin rumbu. Inna tana nan durƙushe da ruwa a hannu. Ta ɗan ɗaga kai wajen duhun ɗakin, ta ce a hankali, "Malam?"

Muka yi sallama muka fito. Auta ya zube a gabanta, ya karɓi moɗar, ruwan ya zube ya jiƙa masa wando. "Inna, injin ne. Ni nake kunnawa. Ga wayar, duba."

"Na sani, Auta," ta ce. "Ban haukace ba. Tashi daga cikin taɓo, kai da farin yadi."

"To don me kike kawo ruwan?"

"Ya roƙa." Ta gyara zama a dokin ƙofa, tana numfashi sama-sama. "Kullum sai yarinyar nan ta riga ni. Ƙafarta ta fi tawa sauri."

Ita ta ci gaba, tana duban wajen zaure.

"Ku maza ku kuka ɗauke shi. Ku kuka ga rami, kuka jera itace, kuka zuba ƙasa. Ni a nan na tsaya. Abin da idona ya gani, an fita da shi ta zauren can, kamar yadda yake fita kullum. To wanda ya fita ta zaure, in ka ji gyaran muryarsa a ƙofa, me za ka yi? Na kaset ɗin yana nesa. Ina ji na san daga can yake magana, akwai ruwan sama tsakaninmu. Wannan kuwa ka shigo mini da shi har ɗaki." Ta juyo ta dubi Auta. "Kuma ba ka barinsa ya zauna. Bawan Allah ya yi shekaru a kwance, ka tashe shi, ya gama ya sake, ya gama ya sake, ba wurin da mutum zai ce Allah Ya jiƙanka. Kawo mini kaset ɗina."

A nan Auta ya faɗi abin da bai gaya wa kowa ba. Kaset ɗin ba ya nan. Zaren ya riga ya bushe, a zagayen da aka kwashe muryar ya tsinke wuri-wuri, baƙin da ke jikinsa ya zube kamar toka. Ya ɓoye ne don kada ranta ya ɓaci. Inna ta ce inna lillahi, ta ce to ya dawo mata da ƙyallen da gawar kaset ɗin, a binne inda ake binne tsofaffin takardun karatu. A ranar Auta ya hau tsani da kansa ya sauke lasifikar.

Sai dai gwanin da ya yi aikin ya ajiye kwafin farko, wanda ba a wanke ba, mai shuuu ɗinsa da jan ƙafarsa. Auta ya shiga kasuwannin birni neman kaset sabo wanda ba a ɗauki komai a kai ba, abin da ya zama kamar neman tsohon kwabo. A wajen wani mai gyaran rediyo ya samu. Ya zauna a ɗakinsa mai soso, gaban injinan da ya tara don su kawar da ƙura daga sauti, ya mayar da ƙurar da hannunsa. Da ya kawo, ya ce da ni, "Yaya, in abokaina masu garmaho suka ji wannan labari, na shiga uku. Ka rufa mini asiri." Na ce ai ƙaiƙayi ya zo saye. Ya ce, "Na ji, na ji. Kai ma kawo takardun nan in ɗauki hotonsu kafin gara ta ƙarasa." Na ba shi, ya ɗauka.

Wankakkiyar muryar tana nan a ma'ajiyarsa har yau. Ya gaya mini ba ya kunna ta, ko da rana, in shi kaɗai ne a ɗakin. Ya kuma kasa gogewa. Ya ce duk ranar da ya kai yatsa, sai ya ji kamar shi zai sake zuba ƙasar.

Juma'ar da ta biyo baya na zauna a bakin ƙofar Inna. Ta yi alwala, ta sa sabon kaset a tsohuwar rakoda. Kafin ta danna, sai ta ɗebo ruwa a moɗa ta ajiye a gefen rakodar. Abin bai kwanta mini ba, na ce, "Inna, matacce ba ya shan ruwa." Ta ce da bango, "Ka ji malami. Don gwiwata na ajiye."

Shuuu ya zo, muryar ta fito daga bayansa, siririya, can nesa. Na ji kafaɗuna sun sauka. Aka kai wurin tsayawa. Auta ya rantse mini cewa a wannan kwafin ba kunnen da zai iya tsinto maganar, shi ya sa muka yi shekaru ba mu san da ita ba. Amma na ji ta. A ƙarƙashin ruwan saman nan na ji ya kawar da kai, na ji ya roƙa. Ban sani ba ko a kaset take ko a cikin kaina ta zauna. Na dubi Inna. Ba ta tashi ba. Ta sa ɗan yatsa ta tura moɗar gaba kaɗan, ta mayar da hannunta cinya.

Da aka gama ta yi addu'arta doguwa, ta shafa, ta ɗauki moɗar ta shanye. Sannan ta miƙe ƙafafunta duka biyu a tabarma, ta ɗaga murya wajen madafa tana kiran mai ɗakina.

"Ke, ina tuwon nan? Kuma a sa man shanu yadda ake sawa. Na jiya kamar da tsinke aka ɗiga shi."